Jarrabawa ta Koma Kwamfuta, Aji na Nan da Allo da Alli

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina bai wa masu neman shiga jami'a takarda da fensir. A 2013 ta fara kawo kwamfuta a matsayin zaɓi, bayan shekara biyu ta mayar da ita dole. Masu yaba wannan sauyi suna da hujja: a da tambayoyi kan sulale su fita tun kafin ranar jarrabawa, sakamako kuma sai an sha jira. Yanzu cikin 'yan kwanaki yaro ke ganin makinsa ta saƙon waya.

Sai dai masu ɗari-ɗari da abin ba duka ne maƙiya cigaba ba, kamar yadda ake yi musu kallo. Akwai ɗalibin makarantar karkara da bai san kwamfuta ba sai wadda malami ya zana masa a allo. Ranar da zai fara ɗora hannu a kanta ita ce ranar da za a yanke makomarsa. Hukumar ta san da haka, shi ya sa ta taƙaita aikin zuwa maɓallai takwas: A, B, C da D na amsa, sauran huɗun na gaba da baya da miƙa aiki. Dabara ce mai kyau, amma ba ta hana hannu rawa alhali lokaci na tafiya. Ga kuɗin mota zuwa cibiyar da ke birni, wani ma har da neman wurin kwana.

Ita ma na'urar tana tuntuɓe. A 2025 tangarɗa ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan dubu 380 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa har da hawaye, aka sake musu jarrabawar.

Duk da haka gwamnatin tarayya ta ce jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO ma su koma kwamfuta a 2026, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a jinkirta. A ganina 'yan majalisar sun fi gaskiya a nan. JAMB zaɓen amsa ce kawai, ta 'yan sa'o'i. WAEC kuwa makonni ake yi ana rubuta ta, da insha'i da lissafi da zane, a makarantun da da yawansu ko wutar lantarki ba a ja musu ba.