Me ke sa baki ya karkace bayan ƙuraje sun fito a kunne?

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Gumel, ya aiko da takarda yana cewa mahaifinsa ya kwana biyu da ciwon kunne, sai ƙuraje masu ruwa suka feso a kunnen, washegari baki ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa. Mutanen gari sun ce iska ce ta buge shi.

To malam, mun gode da takardarka. Alamun nan sun yi kama da aikin ƙwayar cutar ƙarambau. Yaro in ya warke daga ƙarambau, ƙwayar ba ta barin jiki, sai ta laɓe a gindin jijiyoyi shekara da shekaru. Masu tsare ta su ne wasu fararen ƙwayoyin jini, kamar dai masu gadin rumbu. Ranar da masu gadi suka yi rauni, sai ta farka ta bi jijiya guda, ta fito da ƙuraje masu zafi kamar wuta a ɓari ɗaya na jiki. In jijiyar fuska ta bi, sai ɓarin fuskar ya shanye. Wani likitan Amurka, Ramsay Hunt, shi ya bayyana wannan a 1907.

Me ke raunana masu gadin? Tsufa, musamman bayan shekara 50, da ciwon suga, da ciwon daji, da ƙanjamau, da ƙwayoyin sa ƙiba da ake saye a kasuwa ba da izinin likita ba. Saboda haka matashi in abin ya same shi, ya kamata a auna jininsa.

Kada ka tsaya jira, malam. Ka kai baba asibiti yau, don maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 da fitowar ƙurajen. Jinkiri kan bar mutum da karkataccen baki ko raunin ji. A kiyaye idon nan da maganin ɗigawa, a rufe shi da dare kada ya bushe. Kada a shafa toka ko a fasa ƙurajen. Mai ciki da jariri su nisance su, don ruwansu na sa ƙarambau.

In kuwa hannu ko ƙafa sun yi nauyi, to ana tsoron shanyewar ɓarin jiki, a garzaya nan take.

Allah ya ba baba lafiya, amin.