Shigar da Suna Wajen Likitan Unguwa

A cikin hunturun bara wani dattijo daga cikinmu ya rasu a ɗakinsa nan Landan, Allah ya jiƙansa. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya fi shekara 30 a ƙasar nan, amma bai taɓa taka ƙofar likita ba. In kansa ya yi ciwo ya sayi ƙwaya a kanti, in cikinsa ya murɗa ya jiƙa saiwar da aka aiko masa daga gida. Ran da ya cika muka taru da likkafani da kuɗin kabari, muna tsammani kashegari a yi masa sutura. Ina! Sai da gawar ta kwana 8 a hannun hukuma kafin a ba mu ita.

Dalilin kuwa shi ne babu likitan da ya san shi. A Ingila ba a binne mutum sai da takardar da ta faɗi abin da ya kashe shi. Tun daga ran 9 ga Satumba 2024 ne aka sake dokar: likitan da ya taɓa duba mutum da ransa, in ya san ciwon da ya yi ajalinsa, shi ya kan rubuta takardar, sa'an nan wani babban likita ya duba ya yarda. In babu irin wannan likita, sai maganar ta koma hannun alƙalin binciken mutuwa, shi kuwa yana da ikon sa a buɗe gawa. Ba mu ce mai likita ba ya faɗa wa wannan ba, gama mutuwar farat ɗaya ta kan kai kowa can. Amma wanda a ka san ciwonsa, yana cikin littafi, yawanci sha'aninsa ya fi sauri.

To, jama'a, mu duba yadda abin ya ke. Wanda ya saba da Ankara ko Kumasi ya san mutum ya kan yi sammako ya tafi Korle Bu ko Komfo Anokye ya bi layi da katinsa. Nan ba haka ba ne. Tun ran 5 ga Yuli 1948, sa'ad da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, watau NHS, likitan unguwa wanda Turawa ke kira GP shi ne ƙofa. In ba hatsari ko ciwon gaggawa ba, likitan zuciya ko na ƙoda ba ya ganinka sai da wasiƙarsa. Ganinsa kyauta ne, shigar da suna ma kyauta ne.

Abin da ya kan hana mutanenmu shi ne tsoron takardu. Wani yana zaune a ɗakin ɗan'uwansa, babu takardar lantarki ko ta haya da sunansa. Wani kuwa fasfonsa yana wurin hukuma, wani ma maganar zamansa ba ta daidaita ba. Ku ji da kyau: ƙa'idar NHS a Ingila ta ce ba dole ne mutum ya nuna fasfo ba, ko shaidar gidan da ya ke zaune, ko takardar izinin zama, ko lambar NHS mai alƙalami 10. Wanda ba shi da lambar za a ba shi bayan ya shiga. Wanda ba shi da mazauni ma yana iya ba da adireshin ɗakin likitan.

Amma ƙa'ida daban, akawun da ke bakin ƙofa daban. Ni mai rubutun nan na raka wata gwaggona wani ɗakin likita, matar da ke kan tebur ta ce sai fasfo da takardar banki ta wata 3. Gwaggo ta ja hannuna ta ce, "Ɗana, mu tafi, kada mu jawo wa kanmu magana." Na ce, "Gwaggo, ki zauna tukuna." Na roƙi matar cikin ladabi ta rubuta mana dalilin ƙin. Ta shiga ciki, ta daɗe, ta fito da fom. Gaskiya ba mugunta ba ce, yawancinsu abin da aka koya musu ke nan. Suna da ikon ƙin mutum in littafinsu ya cika an rufe, ko in gidansa yana bayan iyakar yankinsu, amma dole su rubuta dalilin cikin kwana 14. Launin fata, ko addini, ko tsufa, ko nauyin ciwo, ba dalili ba ne. Yanzu ma ana iya cika fom ɗin ta intanet, yaranmu na makaranta su kan gama shi kafin shayi ya huce.

Sai maganar baƙi. In inna ta zo daga Nima ganin jika, za ta yi fiye da kwana 1 amma ba ta kai wata 3 ba, ana rubuta ta a matsayin baƙuwa, likita ya duba ta kyauta. Kada dai a ruɗe: in aka kwantar da ita a babban asibiti, ana iya kawo mata lissafi, lissafin baƙo kuwa ninki ɗaya da rabi ne na ainihin kuɗin aikin. Bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba ya kan hana biza nan gaba. Saboda haka mai gayyato tsohuwa ya saya mata inshora tun tana gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan an shigar da suna, wadansu ɗakunan su kan kira mutum nas ta auna jininsa da nauyinsa. Ku tafi da kwalayen magungunan da ku ke sha, har da na gargajiya, kada ku ɓoye, gama wani sassaƙe ba ya jituwa da maganin hawan jini. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta tun wajen ɗaukar lokaci, ba a biyan ko kwabo. Ya fi a sa yaro ɗan shekara 12 ya fassara wa uwarsa ciwon da ita kanta ta ke jin nauyin faɗa. Mace kuwa tana iya cewa likita mace ta ke so.

Kuɗin magani a Ingila tun watan Mayu 2024 fam 9 da kwabo 90 ne kowane iri guda. Wanda ya kai shekara 60, da yaro ƙasa da 16, da mai ciki, da mai ciwon sukari da ke shan magani, ba sa biya, sai dai mai ciki da mai sukari su karɓi takardar yafewa ta hannun likita ko ungozoma. 'Yan'uwanmu na Glasgow da Cardiff ba sa biya sam.

Akwai kuma wasiƙun da ba sa zuwa sai ga wanda sunansa ke cikin littafi: kiran awon lafiya kowace shekara 5 ga mai shekara 40 zuwa 74, da kiran mata gwajin sankarar mahaifa daga shekara 25, da allurar yara. Hawan jini da ciwon sukari sun yi mana yawa mu baƙar fata, ga su ba sa sallama kafin su shiga. Wanda ya ƙaura daga wata unguwa zuwa wata ya sanar da likitansa, in ya fita yankinsu ya shiga wani, su da kansu za su aika da takardunsa. In dare ya yi ko ran Lahadi, a buga 111. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe, 999.