Madubin Ƙara Girma a Hannun Ɗalibin Malanta

Tun shekarar 1665 Robert Hooke na ƙasar Ingila ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Amma har yau akan sami yaron da zai kammala sakandare bai taɓa ganin ƙwayar halitta ba sai a zanen allo, alhali kuwa na'urar tana kulle cikin kabad. Sau da yawa malamin ne ke tsoronta, domin bai saba da ita ba tun yana kwalejin ilimi.

Saboda haka ya kamata ɗalibin malanta ya ƙware a kanta kafin ya fita koyarwar gwaji. Albasa ɗaya ta isa. Zai ɓare siririyar fatar cikinta, ya shimfiɗa kan gilashi, ya ɗiga ruwan aidin, ya rufe a hankali don kada iska ta shiga. Sai ya fara da ƙaramin gilashin mai ninki 4. In na ido mai ninki 10 ne, abin ya girma sau 40 ke nan. Mai gaggawar tsallakawa zuwa sau 400 yakan fasa gilashi, darasi ya watse.

In yara sun yi yawa, ya kara kyamarar wayarsa a bakin madubin, kowa ya san abin da zai nema. Daga nan a bar kowane yaro ya leƙa da idonsa, ya zana abin da ya gani, ko da zanen ya saɓa wa na littafi.