Itacen Arzu da Sana'ar Sassaƙa a Birnin Fas

Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara birnin Fas na ƙasar Maroko, kamar yadda 'yan'uwanmu mabiya ɗariƙar Tijjaniyya suka saba, in ya ratsa ta unguwar kafintoci da ake kira Najjarin zai ji wani ƙamshi mai kama da turaren wuta. Wannan ƙamshi na wani itace ne da Larabawa ke kira arzu, Turawa kuma su ce masa sida. Shi ne ginshiƙin sana'ar sassaƙa a wannan birni tun ɗaruruwan shekaru.

Arzu ba itacen ƙasar zafi ba ne. A kan duwatsun Atlas yake fitowa, musamman a dazuzzukan Azru da Ifran da ke kudu da Fas, inda ƙanƙara ke sauka lokacin sanyi. Ganyensa sirara ne kamar allura, ba ya kakkaɓewa, kuma bishiyar takan kai tsawon mita 30 zuwa 40. Katakonsa yana da taushi, ba kamar ƙirya ko maɗaci da masassaƙanmu ke fama da su ba. Ƙarfe yana shigarsa cikin sauƙi, don haka ake iya yi masa zane mai zurfi. Ƙamshin kuwa daga wani mai yake fitowa wanda ke cikin zuciyar itacen, kuma wannan mai shi ke hana asu da sauran ƙwari kusantarsa, ya kuma jinkirta ruɓewa. Shi ya sa matan Fas suka fi son akwatin arzu don ajiye tufafin ulu.

Sai dai taushin nan yana da nasa aibi. Arzu yana saurin tsagewa, kuma bugu kaɗan yakan bar masa tabo. Maginan Fas sun san haka, sai suka ajiye shi a inda hannu da ƙafa da ruwan ƙasa ba su kaiwa. Alal misali, in mutum ya tsaya a tsakar makarantar Aɗɗarin, wadda Sarki Abu Sa'id Usman na daular Banu Marin ya gina tsakanin 1323 da 1325, zai ga bangon hawa uku ne. Daga ƙasa akwai tayil masu launi waɗanda ke jure wanki da gogayya, a tsakiya filasta mai zayyana, sa'an nan can sama katakon arzu da aka sassaƙa wa ayoyi da zanen ganye, da rumfa a kansa tana kare shi daga ruwan sama. Haka tsarin yake a makarantar Bu Inaniyya da Sarki Abu Inan ya gina a shekarun 1350. A ganina wannan tsari, fiye da kyawun zanen, shi ne dalilin da ya sa katakon ya kai shekara 700 yana nan.

Haka kuma tsawon gungumen da dabba za ta iya saukowa da shi daga dutse ta bi da shi lungunan birni shi ke yanke faɗin ɗaki. Ɗakunan tsofaffin gidajen Fas dogaye ne amma matsattsu, domin faɗinsu bai wuce tsawon katakon da aka gitta a rufi ba. Maginin Kano ba zai yi mamakin wannan ba, domin shi ma azara ce ke yi masa iyaka, har ta sa ya koyi ɗaurin baka don ya faɗaɗa soro.

Aikin ya kasu tsakanin gwanaye. Akwai masu yanka da fere katako, akwai masu sassaƙa zane, akwai masu shafa launi a rufi da ƙofofi. Akwai kuma masu murza ƙananan guntaye da wani abu mai kama da baka, hannu ɗaya yana ja, yatsun ƙafa suna riƙe da bakin ƙarfe. Guntayen nan ake harhaɗawa su zama tagar da na ciki ke ganin waje, na waje ba ya ganinsa. Babban gwani ana ce masa mu'allim, kuma yaro yakan yi shekaru a gabansa kafin a bar shi ya zana da kansa.

Daga cikin ayyukan da suka fi shahara akwai mumbarin masallacin Kutubiyya na Marakish, wanda aka fara a Ƙurɗuba ta Andalus a 1137. Ƙashinsa na arzu ne, aka lulluɓe shi da guntayen wasu itatuwa masu tsada da ƙashi. A Fas kuma, masaukin fatake na Najjarin da aka gina a 1711 an gyara shi, ya zama gidan tarihin aikin katako a 1998.

Dazuzzukan arzu sun ja baya saboda fari da kiwo da saran ɓoye. A 2013 aka sanya arzun Atlas cikin jerin itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa, a 2016 kuma UNESCO ta amince da yankin a matsayin keɓaɓɓen daji. Hukumar gandun daji ce ke ba da izinin sara, kuma manyan gungume irin waɗanda aka rufa makarantun Banu Marin da su sun yi wuyar samu.