Tukunyar gida: a ƙoshi, ba a yi teɓa ba

Ɗan uwa manomi, da ke uwargida, ku saurara. A wurinmu in mutum ya aje teɓa sai a ce ya samu. Amma ƙiba mai yawa tana jawo hawan jini da ciwon sukari, kuma maganinsu tsada gare shi.

Ku duba abin da ke cinye kuɗin cefane: mai, sukari, shinkafa da taliya. In sun yi yawa, su ne ke tara kitse. Abin da ke rumbunku ya fi su. Wake, kusan kashi 1 cikin 4 nasa mai gina jiki ne, yana kuma daɗewa a ciki. A haɗa shi da hatsi ko dawa. A yi dambun zogale, ganye ya fi tsaki yawa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli.

Mai kuwa, uwargida, ki auna da cokali, kada ki tuttula daga kwalba. Fura da nono ba ta bukatar sukari. Masu shayi har zubi uku, kun san kanku! Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali 1 ga babban mutum a yini, a lissafa har da na magi.

Ragin nan na manya ne masu ƙiba. Yara, da mai ciki, da mai goyo, ba a rage musu kwano.