Ko Ka San Abin Da Ke Sa Hoto Ya Koɗe A Bango?

Ko ka san cewa na'urar da ake wanke hoto da ita a shago ba ta taɓa jikin takarda da bakinta? Fesa tawada take yi daga ɗan nesa, ɗigo bayan ɗigo, ta wasu ƙofofi da suka fi silin gashi siranta. Ɗauki Epson L805, mai tankin tawada shida, irin wadda masu hoto da yawa ke aiki da ita a wannan yanki namu. Ƙaramin ɗigonta, da za a raba tawada cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya da shi, sai a samu ɗigo sama da biliyan 3. Fuskar amarya da lallen hannunta da kake gani a hoto, tarin irin wannan ɗigo ne aka jera kusa da juna har ido ya kasa rabe su.

Hanya biyu ake tura ɗigon. A 1977, a kamfanin Canon na ƙasar Japan, ƙarfen narka dalma mai zafi ya taɓa allurar sirinji da ke cike da tawada, sai tawadar ta yi tsartuwa. Injiniya Ichiro Endo ya bi diddigin abin, daga nan aka samu na'urar da ke ɗumama tawada zuwa kusan digiri 300 cikin ƙiftawar ido, kumfa ya taso ya turo ɗigo waje. Canon da HP a kan wannan suke. Epson kuwa ba ta dafa tawada. Wani ɗan sinadari take amfani da shi wanda ke lanƙwashewa idan lantarki ya ratsa shi, ya matso ɗigon.

Abin da ya fi damuna shi ne tawadar kanta. A Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji har Tenhiya can cikin ƙasar makiyaya, mutum kan zo gari ranar kasuwa ya ɗauki hoton katin shaida, ko a wanko masa na aure ko na suna daga cikin waya. Ya biya kuɗinsa da niyyar ajiyewa don jikoki. Bayan ɗan lokaci sai shuɗiyar riga ta koma ruwan ƙasa, fuska ta yi jajaja, a ce ai haka hoto yake tsufa. Ba haka ba ne. Akwai dalili, kuma ana iya kauce masa.

Tawadar na'ura iri biyu ce. Ta farko ta rini ce, launin ya narke cikin ruwa sarai. Tana da haske, tana da sauƙin kuɗi, kuma ita ce a cikin mafi yawan na'urorin hoto masu tanki. Sai dai ƙwayoyin launinta a warwatse suke ɗai-ɗai, hasken rana yana karya su a hankali. Ta biyu ta gari ce, a jikin kwalbarta za ka ga an rubuta pigment. Launinta bai narke ba, ƙananan dunƙule ne ke yawo cikin ruwan, idan ruwan ya bushe su zauna daram a kan takarda. Rana sai ta ci bayan dunƙulen kafin ta kai cikinsa, shi ya sa take daɗewa. Duk almajirin da ya taɓa haɗa tawada da gawayi da ƙaro ya san wannan iri, domin baƙar tawadar gari ta na'ura ma daga baƙin hayaƙi ake yin ta. Tsofaffin littattafan malamai da aka rubuta da irin wannan tawada har yau ana karanta su.

Takarda ma tana da nata hannu a ciki. Farar takardar ofis, mai lamba 80 a jikin ƙunshinta, shanye tawada take yi, hoton ya fito dishi-dishi. Takardar hoto mai sheƙi, wadda lambar nauyinta ke kaiwa 200 zuwa 260, an shafe fuskarta da wani abu. A wata, shafen yana kumbura ya haɗiye tawadar ya rufe ta. Tana jinkirin bushewa, ba ta son ruwa, amma tana kare rini daga iska. A wata kuma shafen cike yake da ƙananan ramuka: hoto na fitowa a bushe, mai shago ya miƙa maka nan take. Ramukan nan a buɗe suke zama, iska tana shiga. A shekarar 2000 masu sayen na'urorin Epson 870 da 1270 sun ga hotunansu suna komawa ruwan lemo cikin 'yan makonni a wasu wurare. Bincike ya nuna iskar ozon ce ke cinye shuɗin rini a irin wannan takarda, kuma hotunan da ke bayan gilashi sun tsira.

Kana iya ganin an rubuta a kwali cewa hoto zai yi shekaru masu yawa. Irin waɗannan lambobi galibi daga gwaji irin na Henry Wilhelm suke fitowa, wani masani a jihar Iowa ta Amurka da ya shafe shekaru masu yawa yana auna koɗewar hotuna. Lissafinsa na hasken cikin ɗaki ne, awa 12 a rana, a zafin da bai wuce digiri 24 ba, da tawada da takarda na ainihi na kamfanin na'urar. A Tanut, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40. Kuma da yawa tawadar da ake ɗurawa a tanki ba ta kamfanin ba ce, ta kwalba ce mai arha, wadda gwaje-gwajen Wilhelm suka nuna irinta tana saurin koɗewa. Don haka alkawarin kwali ba da mu aka yi shi ba.

Duk da haka Damargu tana da abin da garuruwan bakin teku ba su da shi: busasshiyar iska. Laima tana sa rini ya nashe, takarda ta yi fumfuna, mu kuwa damina gajeriya ce. Hoton da aka bari ya kwana ya bushe, aka sa shi a littafin hotuna cikin akwati, nesa da kwanon rufi da hayaƙin murhu, zai daɗe ƙwarai. Wanda za a rataye, a sa masa gilashi, a kauce wa bangon da rana ke haskawa ta ƙofa. Makiyayin da zai riƙa yawo da hoto a jaka, gara a liƙe masa shi cikin leda da na'ura, amma ya sani ba a ɓare ta bayan an liƙe.

Busasshiyar iskar nan kuma ita ce abokiyar gabar mai shago. Da hunturu, na'urar da ta yi kwanaki ba aiki sai tawada ta daskare a ƙofofin, hoto ya fito da layi-layi, ga ƙura tana hawa takarda. Malam mai hoto, ka riƙa buga ko da shafi ɗaya ne kowane mako, ka lulluɓe ta da zane, ka kuma kashe ta da maɓallinta kafin ka kashe janareto, domin sai ta haka bakin yake komawa mazauninsa ya rufu. Idan kuma wani ya ce maka hoton mahaifinsa ne da ya rasu, kuma shi kaɗai ke gare shi, ka gaya masa gaskiyar tawadar da ke cikin tankinka, ka wanke masa biyu.