Kalmomin Cinikin Ƙasa a Dakwaro: Abin da Mai Saye Daga Nesa Yake Ji da Abin da Takarda Take Faɗi

1. Gabatarwa

A shekarun nan akwai ƴan asalin Dakwaro da yawa da ke zaune Yamai, ko Agadas, ko Kano, ko Abijan, ko Libiya, waɗanda in sun tara ɗan abin hannu sukan so su sa shi cikin ƙasa a gida: fili a cikin gari domin gini ko domin jiran ya yi daraja, ko kuwa gona a karkara. Mafi yawansu ba sa halartar cinikin. Sukan wakilta ƙane ko aboki, su yi magana ta waya ko ta saƙon murya na WhatsApp, su aika kuɗi, daga baya a turo musu hoton takarda. Ciniki ne da ake ƙullawa da baki cikin Hausa, sa'an nan a rubuta shi da Faransanci.

A nan za mu bi matakan irin wannan ciniki, na mutumin da bai taɓa yi ba, mu nuna wuraren da kalmar baki da kalmar takarda suke rabuwa. Mazaunin gari yana iya zuwa ya ga iyaka da idonsa, ya tambayi tsofaffi. Wanda ke nesa kuwa ba shi da kome sai kalmomin da aka faɗa masa. In kalma ɗaya ta karkace, guminsa na shekaru ya tafi.

2. Inda ƙasar take

Dakwaro, wadda ake rubutawa Dakoro a takardun hukuma, tana arewa da Maraɗi da fiye da kilomita 100. Turawan Faransa suka kafa cibiyar mulki a wurin a 1947. Gundumar tana kan gaɓar noma da kiwo. Dokar 61-05 ta ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar arewa ta noma, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ne mutane suka sani a matsayin alamarta. Dokar kiwo mai lamba 2010-029, ta ranar 20 ga Mayu 2010, ta sake tabbatar da wannan iyaka, ta kuma hana wani ya mallake ƙasar kiwo shi kaɗai.

Saboda haka tambaya ta farko da ta kamata mai saye ya yi wa wakilinsa ita ce: wurin nan ta wane gefe yake? Kalmar fili, wadda mutanen yankin suke furtawa hili, ba ta ba da amsa. Da ita ake kiran fegin cikin gari, da saurar da aka bari ta huta, da dajin da ba a taɓa noma ba. A idon doka kuwa waɗannan abubuwa uku ne dabam. Ko a kudancin iyakar, burtali da mashaya da wurin kiwon da aka keɓe na jama'a ne, ba mai ikon sayar da su, ko da an shekara ana shuka gero a kansu.

3. Hanyoyin riƙon gona da sunayensu

In wakili ya ce, “Gonar wane ce,” maganar tana iya nufin abu shida. Harafin mallaka na Hausa, wato -n ko -r, yana haɗa suna da suna ne kawai, ba ya bayyana irin dangantakar da ke tsakaninsu. Ga hanyoyin da gona take shiga hannun mutum:

(a) Gado: ta zo daga iyaye.
(b) Saye: an biya kuɗi, ta fita hannun mai ita har abada.
(c) Kyauta: an ba da ita ba kuɗi, ba kuma komawa.
(d) Aro: an ba da ita a noma, za ta koma ran da mai ita ya nema.
(e) Haya: ana biyan kuɗi ko dammuna a kowace damina.
(f) Jingina: mai gona ya karɓi kuɗi, mai kuɗi yana noma har ranar fansa.

Uku na farko ne kaɗai suke ba mutum ikon sayarwa. Ko su ma da sharaɗi. Gonar gado sau da yawa gandu ce da ba a raba ba, wanda ke nomanta kuwa babban wa ne da ke riƙe da ita a madadin ƙanne da ƴan uwa mata. Claude Raynaut, wanda ya yi bincike a ƙauyukan ƙasar Maraɗi, ya bayyana bambancin gandu, gonar gida gaba ɗaya, da gamana, ɗan yankin da maigida yake ba mace ko saurayi ya noma wa kansa. Mai gamana yana cewa “gonata”, kuma bai yi ƙarya ba, amma sayar da ita ba a hannunsa yake ba.

Aro ya fi kowanne rikitarwa, kuma akwai dalili na tarihi. Ranar 18 ga Disamba 1974 shugaba Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta zauna hannun wanda yake nomanta. Tun daga lokacin ake samun gidaje biyu da ke da labari biyu a kan gona ɗaya: waɗannan suna cewa kakansu ya ba da aro, waɗancan suna cewa kyauta ce. Baƙon da ya sayi irin wannan gona ya sayi shari'a tare da ita.

Jingina ma takan sha kama da saye, domin a dukansu kuɗi yana fita, gona tana canza hannu. Bambancin yana cikin kalma guda, fansa. In akwai ranar fansa, ko da ba a yanka mata wa'adi ba, ba a yi saye ba.

4. Aikatau ɗin saye

Tushen say- yana shiga yawancin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960, kuma kowane aji da ma'anarsa:

(1) Ya sayi gona.
(2) Ya sayar da gona (ko ya sai da gona).
(3) Ya saye gonar.
(4) Gonar ta sayu.
(5) Ya sayo gona.

Misali na (5) shi ya shafi maganarmu. Wasalin -o na ƙarshe yana nuna an yi aikin a can, an fuskanto wajen mai magana. In an sayo tufa ko raƙumi, abin yana zuwa hannu, a duba shi. Gona ba ta tasowa. Abin da yake isowa ga mai kuɗi takarda ce, ko ma hotonta.

Akwai kuma jimlar da ta fi yawa a bakin masu aike: “Saya mini fili.” Wannan mini tana nuna wanda aka yi aikin dominsa, ba ta faɗi sunan da za a rubuta ba. Wakili yana iya saya wa yayansa fili da zuciya ɗaya, amma da yake shi ne a tsaye gaban maigari, sai a rubuta sunansa a gurbin mai saye. Muddin su biyun suna da rai suna shiri, ba abin da zai faru. Ran da wakilin ya rasu, filin ya faɗa cikin gadon ƴaƴansa. Maganin abin shi ne takardar wakilci, da kuma faɗin magana a fili tun farko: “A rubuta da sunana, kai wakili ne.”

5. Kuɗi da awo

A Nijar ana ƙidayar kuɗi da dala, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce ta sefa. Dala 200 ita ce jika, wato 1.000. In dillali a kasuwar Dakwaro ya ce “dubu ɗari”, dala yake nufi, wato 500.000 a rubuce. Ɗan makarantar da ya saba da lissafin Faransanci, ko wanda ya daɗe a waje, yana iya jin 100.000. Wanda ya zauna Kano kuma ya san jaka a matsayin naira 200. Kalma ɗaya ce da furuci biyu, ƙimarta kuwa ta bi kuɗin kowace ƙasa.

Haka abin yake ga awo. A Najeriya eka ta fito daga Ingilishi, faɗinta mita murabba'i 4.047. A bakin mutane da yawa a Nijar eka tana nufin hekta, mita murabba'i 10.000, kusan ninki biyu da rabi ke nan. Manomi kuwa ba da ɗayansu yake auna gonarsa ba. Yana faɗin dammunan da take bayarwa a shekarar albarka, yana nuna iyaka da itacen gawo ko layin gamba. Duk wannan ba ya shiga waya. Dole a je a auna gaban maƙwabtan gona na kusurwa huɗu, a rubuta sunayensu.

6. Takardu

Tushen dokar ƙasar karkara a Nijar shi ne dokar 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993, wadda aka sani da Code rural. Ta yarda cewa mallakar gargajiya da mallakar takarda kariyarsu ɗaya ce a gaban doka. Ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin ƙasa hawa-hawa: na gunduma, na ƙaramar hukuma, da na ƙauye ko ruga wanda maigari ko arɗo yake shugabanta, tare da magatakarda da wakilan manoma, masu kiwo, mata da matasa. Kowace hanya daga cikin shida da muka lissafa tana da takardarta. Ga yadda suke fuskantar juna:

gado da riƙon gargajiya: attestation de détention coutumière
saye: attestation de vente
kyauta: attestation de donation
aro: contrat de prêt
haya: contrat de location
jingina: contrat de gage coutumier

A cikin gari hanyar dabam ce. Filin da hukuma ta yanka ana ba da shi da acte de cession daga ƙaramar hukuma, wadda tun watan Afrilu na 2024, da aka rushe majalisun zaɓaɓɓu, kantoman da gwamnati ta naɗa ne yake jagorantarta. Sama da wannan duka akwai titre foncier, wanda ma'aikatar kuɗi take bayarwa bayan awo da rajista.

To, duk waɗannan takardu, a bakin jama'a sunansu ɗaya: takardar fili, ko takardar shaida. In wakili ya ce, “Akwai takarda,” mai saye yakan kwantar da hankalinsa, alhali takardar tana iya zama ta jingina, ko ƴar rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mutum biyu wadda ba ta bi ta hannun kwamiti ba. Abin ya ƙara cuɗewa tun 2006, da hukuma ta fito da sauƙaƙƙiyar hanyar samun titre foncier ta sa mata suna Sheda. An ɗauki kalmar Hausa da ke rufe kowace irin takarda an liƙa ta ga mafi ƙarfinsu. Yanzu “ina da shaida” tana iya nufin mutum ya kai ƙololuwa, tana iya nufin yana da tsoho guda da zai tsaya masa.

Har wa yau kalmar détention tana bukatar lura. Daidai da ita a Hausa ita ce riƙo. Amma a Hausa riƙo abu ne na ɗan lokaci, kamar riƙon maraya ko riƙon ƙwarya, alhali takardar da ke ɗauke da wannan suna ita ce shaidar mallakar gargajiya. In an fassara ta kalma da kalma an raunana ta. Ya fi kyau a ce takardar mallakar gargajiya.

Rubutunmu ma yana da nasa giɓi, tun da ba ya nuna karin sauti. Makiyaya, da karin sama daga farko har ƙarshe, wurin kiwo ne. In gaɓoɓin tsakiya suka sauka, mutane ne masu kiwo. Jimlar “gonar tana iyaka da makiyaya” a rubuce tana ɗaukar duka biyun, a takardar ciniki kuwa bambancin babba ne. A irin wannan wuri gara a rubuta wurin kiwo ko masu kiwo.

7. Abin da ya rage ga masu tsara yaƙi da jahilci

Kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Takardun ƙasa suna cikin wuraren da za a fara gane ko wannan mataki ya kai ga talaka. Muna ba da shawara huɗu.

Na farko, a tsai da suna guda na Hausa ga kowace takarda, a daina barin shaida ta rufe su duka. Kalmomin suna nan a bakin manoma, aikin shi ne a zaɓa a daidaita, tare da ma'aikatan kwamitocin ƙasa da sarakuna.

Na biyu, kowace takarda ta zo da harshe biyu a shafi ɗaya, a kuma ƙara gurbi dabam na sunan wakili, domin kada ya hau gurbin mai saye. A Dakwaro, inda Fulani da Abzinawa suke cikin cinikin, a tanadi irinta da Fulatanci da Tamajak.

Na uku, a rubuta farashi sau biyu, da lambobi a tamma, da kalmomi a jika. A rubuta faɗi da mita murabba'i, a bar eka.

Na huɗu, littattafan karatun manya su ɗauki takardar saye da takardar jingina a matsayin darasi, a ajiye su gefe da gefe, ɗalibi ya nemo kalmar da ta raba su. Magatakardan kwamitocin ƙauye su ne ya kamata a fara da su, domin a hannunsu magana take zama rubutu.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Mai saye daga nesa ba zai ga gonar ba sai bayan ya biya. Abin da za a iya yi masa shi ne a sa takardar da za a turo masa ta faɗi, da harshen da aka yi cinikin da shi, wace irin ƙasa ce, daga hannun wa ta fito, ta wace hanya, a kan nawa, da sunan wa aka rubuta ta.